Garkuwar Jiki Ba Yaƙi Kaɗai Ta Sani Ba

A yawancin azuzuwan kimiyya, akan kwatanta garkuwar jiki da rundunar mayaƙa. Kwatancin yana da amfani, amma rabin magana ne. Dogarin da bai iya bambanta ɗan gida da ɓarawo ba, shi kansa abin tsoro ne. Ya kamata ɗalibi ya san yadda garkuwar ke kame hannunta kamar yadda ya san yadda take kai hari.

A shekarar 1973, Ralph Steinman da Zanvil Cohn na Jami'ar Rockefeller a Amurka suka gano wasu ƙwayoyin halitta masu rassa kamar bishiya. Aikinsu shi ne tsinto gutsattsarin sunadarai daga fata, hanji da huhu, su kai su kaluluwa, su nuna wa ƙwayoyin T. In sun ji alamar cuta, sai su tayar da ƙwayoyin T su fita yaƙi. In kuwa abin na jiki ne, ko abinci ne kawai, sai su sanyaya su, ko su mai da wasu masu tsawatar wa 'yan'uwansu. A kan waɗannan masu tsawatarwa aka ba da kyautar Nobel ta likitanci a 2025.

Idan wannan tarbiyya ta lalace, jiki yakan afka wa kansa. Haka ciwon sukari nau'i na 1 ke samuwa, inda garkuwar ke hallaka ƙwayoyin da ke yin insulin, sau da yawa tun ana yara.

Magungunan danne garkuwa suna kwantar da irin waɗannan cututtuka, amma suna buɗe ƙofa ga wasu. Shi ya sa masana a Pittsburgh da Newcastle suka gwada wata dabara: a ɗebi jinin majinyaci, a raini ƙwayoyi masu rassa a ɗakin bincike, a horar da su kan lallashi, sannan a mayar masa. Gwajin farko a kan mutane kaɗan ya nuna jiki yana karɓar su lafiya, sai dai samun waraka yana gaba tukuna.

Saboda haka, duk lokacin da mai talla ya ɗaga kwalba yana cewa tana “ƙara ƙarfin garkuwar jiki”, ɗalibi mai ilimi ya tambaye shi: ƙarfi a kan wa? Nauyin malamai ne su koyar da wannan tambaya.