Sharhi: Wa Ke Tambayar Lafiyar Ɗanmu na Jami'a?

 

A Zinyau, ko Rurum, ko Kibiya, gidan da ya samu ɗa guda yana aiki a jami'a ana ganin ya samu inuwa. Damina ta kama, shi za a buga wa waya a kan kuɗin taki. Ƙanwa za ta yi aure, shi ne kayan ɗaki. An kwantar da baffa a asibitin Rano, shi ne kuɗin magani. Ko malami ne a Jami'ar Bayero, ko ma'aikacin ɗakin karatu ne a Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, ko mai gadi ne, sunansa ɗaya a gari: ɗanmu na jami'a. Da wuya a samu wanda zai kira shi ya ce, "Yaya, kana samun barci kuwa?"

Mu tuna abin da ya bi ta kan waɗannan bayin Allah. A shekarar 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki daga Maris zuwa Disamba. A 2022 ta sake tafiya ranar 14 ga Fabrairu, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur, kuma gwamnatin tarayya ta riƙe albashi, ta ce ba aiki, ba biya. Ma'aikatan da ba sa koyarwa, 'yan SSANU da NASU, su ma an riƙe nasu. Ba a gama biyan bashin mai shago ba, sai aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Albashin wata huɗu da aka sako wa malamai a farkon 2024 ya tarar da darajar naira ta riga ta zube. Ga aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ga takardun jarrabawa jibge, ga ƙarin girma da ba ya samuwa sai an wallafa bincike, sau da yawa da kuɗin aljihu.

Tun a 1967 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, suka jera al'amuran rayuwa 43, suka ba kowanne maki gwargwadon yadda yake girgiza mutum. Mutuwar miji ko mata ta samu maki 100, mutuwar aure 73, kora daga aiki 47, ritaya 45. Ko ɗaurin aure, abin farin ciki, maki 50 suka ba shi. Abin da suka gano shi ne, idan irin waɗannan suka taru wa mutum cikin shekara guda, haɗarin ya kwanta ciwo yana ƙaruwa. To, lissafa wa wanda albashinsa ya tsaya, mahaifiyarsa ta rasu, mai gida ya ba shi notis, duk tsakanin azumi da azumi.

Daga nan ciwon damuwa ke samun ƙofa. Baƙin ciki na kwana biyu kowa yana yi. Amma idan mutum ya kai mako biyu ko fiye cikin ƙunci, abin da ke faranta masa a da ya daina, barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, ya janye daga majalisa, har ya fara cewa gara a ce ba shi a duniya, wannan ciwo ne. A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun kai miliyan 280 a faɗin duniya.

Matsalarmu ita ce baki. Da ya yi ƙorafi sai a ce, "Kai da kake dakta?" Ko a ce ba shi da tawakkali. Mun manta cewa shekarar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, malaman tarihi sun kira ta shekarar baƙin ciki. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kuma ciwon yana jin magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta hana nuna wa masu irin wannan lalura wariya.

Kiranmu ga hukumomin jami'o'i shi ne su buɗe wa ma'aikatansu wurin neman shawara a asirce, kamar yadda ake yi wa ɗalibai. Gwamnati kuma ta cika alkawuran da ta sa wa hannu tun yarjejeniyarta da ASUU ta 2009, ta biya haƙƙi a kan lokaci. Mu kuwa 'yan uwa na gida, mu raba kayan nan. Idan ɗanmu na jami'a ya ce wannan watan babu, mu yarda babu, kada mu ɗauke masa gaisuwa. Kafin a ambaci kuɗin taki, a fara tambayarsa yadda ya kwana, kuma a tsaya a ji amsa.

 Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.