Dukiya na kan iyaka, basira na zaman jira

Tun shekarun 1970 hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, wadda ta ratsa gundumar Madarunfa, take ɗauke da taba sigari, atamfa da shinkafar da wasu ƙasashe suka sarrafa, ana fitonsu zuwa Najeriya. Alhazan Maraɗi sun yi arziki a wannan fito. Amma ina masana'antun? Majemar SONITAN ta rufe, zogalen Jiratawa kuwa har yau a buhu ake sayar da mafi yawansa.

Laifin farko na al'ada ne. Attajiri na ba yaronsa jari saboda shekarun da ya yi yana yi masa bara, ba saboda dabarar da ya zo da ita ba. Matashin da ya fito daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da zanen na'urar busar da zogale, sai a tambaye shi ɗan gidan wane ne. In ya gwada ya faɗi, abin kunya ne har ga danginsa. Alhali Abdu Maman Kane, ɗan Nijar da ya ƙirƙiro ban ruwa ta wayar salula, ya karɓi babbar kyautar ruwa ta Sarki Hasan na biyu a 2015.

Laifi na biyu na mahukunta ne. Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya sake rufe ta, aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga Katsina. Wa zai zuba miliyoyi cikin injin da sa hannun mutum ɗaya ke iya kashewa? Ga patanti, wanda ake nema tun kafin a ga riba.

Masu yabon Sin su karanta tarihinta duka. A 1980 gwamnati ta sassauta wa Shenzhen dokoki, garin ya zama cibiyar ƙere-ƙere. A Nuwamba 2020 kuma ta dakatar da sayar da hannun jarin kamfanin Ant, bayan Jack Ma ya soki masu sa ido kan bankuna. Inda ake tsoron hukuma, dabara ɓuya take yi.

Ma'aikacin haraji ya ɗaga wa sabon kamfani ƙafa har ya tsaya da ƙafafunsa. Alhaji ya sa rabon ribar tirela ɗaya a hannun mai fasaha, ko ba ɗansa ba ne. In ba haka ba, ran da jirgin ƙasan Kano ya iso Maraɗi, cike zai zo, ya koma da ɗanyen kaya da matasa.