Sojan da ya nemi ganin gida bai ci amanar ƙasa ba

A ƙarshen kakar bara wani matashin hafsa, laftana, ya zo Gangara ta Gazawa duba mahaifiyarsa da ciwo ya kwantar. Kwana biyar aka ba shi, fiye da rabinsu kuma kwalta ta cinye. Tun bai kwance igiyar takalmi ba magana ta zaga majalisun gari. Da kunnena na ji wani dattijo a gindin bedi yana cewa, "Ƙasa na cin wuta, yaron ga ya taho shan furar uwatai?" Wani ya ɗora da cewa ai soja ɗan gwamnati ne, ranar da ya sa kaki ya yi sallama da gida. Kowa ya gyaɗa kai. Na ja bakina saboda furfura, amma maganar ta tsaya mini a wuya.

Na san inda wannan ra'ayi ya samo ƙarfi. Wanda ya ji labarin Inates a watan Disamba na 2019, inda aka kashe sojoji 71, ya sake jin na Cinagodar bayan wata ɗaya, inda 89 suka kwanta dama, ba abin mamaki ba ne ya ɗauka duk sojan da ya bar wurin aikinsa ƙofa ya bari a buɗe. Sai dai tsoro ba ya mayar da kuskure daidai. Ra'ayin nan kuskure ne, kuma rundunar da ake tunanin ana karewa da shi ita yake ci.

Masu shi sukan jingina da addini. Su tuna maka munafukan Madina da suka nemi izinin komawa lokacin Yaƙin Gwalalo, wai gidajensu ba tsaro. Haka ne, Suratul Ahzab ta tona asirinsu. To me ya sa ake tsallake Suratun Nur, wadda ta sa neman izini kafin barin taro cikin siffofin muminai, ta kuma ba shugaba damar ya bayar? Sayyidina Usman bai je Badar ba, jinyar matarsa Ruƙayya ta tsayar da shi, aka kuma ba shi kasonsa na ganima kamar wanda ya je. Sayyidina Umar, wanda ba a taɓa zargi da taushin hali ba, yana zagayen dare ya ji wata mata tana kukan kewar mijinta da ke wurin yaƙi. Ya tambayi ƴarsa Hafsa iya tsawon haƙurin mace, sannan ya kafa wa'adin dawo da mayaƙa gida, wata huɗu a wata ruwaya, shida a wata. Da a majalisar gindin bedi aka kawo wannan shawara ba tare da an faɗi mai ita ba, da an ce ragon malami ne ya ƙirƙiro ta.

Turawan da muka gaji tsarin bariki daga wurinsu ma sai da wuya ta koya musu. A 1917, bayan an zubar da dubban rayuka a farmakin Chemin des Dames, sojojin Faransa suka ƙi komawa fagen daga, kuma rashin samun izinin zuwa gida yana cikin manyan koke-kokensu. Janar Petain ya hukunta wasu, amma abin da ya kwantar da ƙura ya haɗa da tsara hutun nan a kan ƙa'ida, kowa ya san ranarsa. Kakanninmu baƙar fata da aka kwasa zuwa wannan yaƙi ba su ga wannan gata ba, a sansanonin kudancin Faransa ake ajiye su har sanyi ya wuce. Abin kunya ne mu riƙe wa ƴaƴanmu abin da ɗan mulkin mallaka ya riƙe wa kakanninsu.

Ba sai mun ƙetare teku ba. A watan Agusta na 2018 sojojin Najeriya suka yi ta harbi sama a filin jirgin Maiduguri, suna ƙin a tura su Marte, kukansu kuwa shi ne sun shekara da shekaru a bakin daga ba a canza su ba. Ba matsorata ba ne. Igiya ce aka ja har ta fara tsinkewa.

A nan gida, tun watan Fabrairu na 2015 da Boko Haram ta afka wa Bosso da Diffa ba a ajiye bindiga ba. Yaron da aka raɗa wa suna a wannan wata yanzu ya isa kora awaki daji shi kaɗai. Dokar "kowa ya tsaya inda yake" ta kwanan tashin hankali ce, ta mako ɗaya ko wata ɗaya. Ba a tafiyar da yaƙin shekara goma da ita. Mutumin da bai yi barcin kirki ba, wanda ɗansa ke gudu in ya ji muryarsa a waya, wanda ya san an kai tsohuwarsa likita bai san abin da aka gano ba, shi za ka damƙa wa rayukan mutum talatin ka ce ya yi tunani da kyau a cikin ƙura da hayaƙi? Mota ma ana kai ta gareji.

Akwai kuma abin da ƴan majalisar gindin bedi suka fi kowa sani suka yi kamar sun manta. A jihar Maraɗi gidan ma ya zama bakin daga. Ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji sun sha satar mutane da korar shanu, har aka kafa rundunar Farautar Bushiya dominsu, kuma tun 2019 ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina ke zaune a cikinmu. Sojan da ke gadin Tillaberi alhali garinsu yana kwana da ido ɗaya, zuciyarsa a rabe take. Kwana uku a tsakar gidansu sun fi huɗubar kwamanda dubu ɗinke ta.

Ban ce a buɗe ƙofar bariki kowa ya kama hanya ba. Akwai ranar da ko uwar mutum ce a makara ba za a iya sakinsa ba, sojoji kuma sun fi ni sanin wannan. Na yarda har ila yau cewa hafsan da ke zuwa gida yaransa na ƙasa ba sa zuwa ya ci amana, kuma a nan ne ya kamata harshen jama'a ya yi kaifi. Duk inda izini ya zama alfarma, sai wanda ya san wani, to ɗan talakan Gangara ne zai kwana ciki. Abin da za mu nema shi ne jeri a rubuce, daga ƙaramin soja har kanar, kowa ya san watansa. A kuma daina lissafa kwanakin hanya cikin hutu, tun da daga Yamai zuwa Diffa ya haura kilomita 1,300, kuma ba kowane yanki na hanyar ake bi da dare ba.

Laftanan nan kwana biyu ya yi. Ya sayi magani, ya gyara dangar da iska ta kayar, ya durƙusa tsohuwa ta dafa kansa, da asuba ƙanensa ya kai shi tashar Gazawa a kan babur. Bayan mako shida Allah ya yi mata rasuwa, bai samu zuwa ba. A zaman makoki ina kusa da dattijon nan na gindin bedi. Bayan an shafa fatiha ya waiwayo, ya rage murya, ya ce da ni, "Wai ina ɗan nata soja? Ko jana'izar uwatai ba ya iya zuwa?"