Sa Ɗaya, Masu Saye Biyu

Ranar Lahadi mutanen Kalmalo sukan ci kasuwar Illela tare da baƙi daga Birnin Ƙonni. A kara, babu abin kunya ga dillali kamar ya sallama sa ɗaya ga mutum biyu. Shi ya sa idan ana ciniki, wani ba ya sa baki sai na farko ya saya ko ya janye.

To, ɗalibi, wannan ita ce matsalar na'ura mai ƙwaƙwalwa ta banki. A ce kana da naira 50,000. Ka miƙa kati ga mai POS a Illela, a daidai lokacin kuma ana cire kuɗin wani biya daga asusun nan ta waya. Idan kowane ɓangare ya duba ya ga 50,000 ya biya, an fitar da 100,000 ke nan. Maganin da Jim Gray da abokan aikinsa na kamfanin IBM suka bayyana a 1976 shi ne kulle: wanda ya fara taɓa asusu ya riƙe shi har ya gama. Akwai ƙa'ida ta biyu: ciniki ko dai ya kammala ɗungurungum, ko a warware shi kamar ba a fara ba.

Yau manyan rumbunan bayanai sun warwatsu a dubban na'urori cikin ƙasashe daban-daban, kuma dole su yarda da wanda ya riga wani. Rumbun Spanner, wanda Google ya bayyana a 2012, har da gangan yake ɗan dakatawa, ƙasa ƙwarai da daƙiƙa guda, don kada a rikita jerin ciniki.

A ganina mun fi damuwa da sauri fiye da kima. A farkon 2023, da takardun naira suka yi ƙaranci, jama'a suka koma tura kuɗi ta waya, abin da ya fi ƙona rai ba jira ba ne. Shi ne a ce an cire kuɗi amma ba su shiga ba. An keta ƙa'ida ta biyu, ko da za a mayar daga baya. Gara na'ura ta ƙi ni nan take, in nemi wata hanya, da ta rataye kuɗina kwanaki. Manomin da ya kawo albasa daga Kalmalo ba zai iya jiran Litinin ba, domin da kuɗin zai hau mota ya koma gida.