Sanin gunki daban, bauta masa daban

Ina da ja da masu cewa duk malamin da ya kai ƴan makaranta Gidan Tarihi na Boubou Hama a nan Yamai, kallon gumaka ya kai su. Maganar ta yi yawa a bakin wasu iyaye, har da wasu abokan aikina masu riƙe da alli. Abin mamaki, mutanen nan su ne ke raba dare suna kallon fim ɗin Indiya, ana nuna gunkin tagulla an rataya masa furanni, kuma ban taɓa jin wanda ya ce imaninsa ya girgiza ba.

To, tunda Indiyar muke so, mu ɗauki darasi daga can. Akwai Nataraja, siffar Shiba yana rawa, wadda maƙeran daular Chola a kudancin Indiya suka yi suna wajen zuba ta da tagulla wajen shekara dubu da ta wuce. Hannuwansa huɗu ne. Ɗaya na riƙe da ƙaramar ganga, alamar farkon halitta a aƙidarsu. Ɗaya na riƙe da wuta, alamar ƙarewar komai. Na uku a ɗage, tafin na cewa kada a ji tsoro, na huɗu yana nuna ƙafar da ya ɗaga, inda suke ganin tsira take. Ɗaya ƙafar kuwa ta take wani wada, wato jahilci. Ga shi na faɗi wannan duka, kuma ina nan Musulmi kamar yadda na tashi da asuba.

Dubi kuma yadda suke kula da kayan. Na gida ana wanke shi da tsamiya ko lemun tsami da gishiri, a goge, a busar. Tsoho na gidan tarihi ba a dirje shi, domin koren da ya hau kansa shaidar shekarunsa ne. Idan aka sace, bin sawu suke yi: a 2014 Ostireliya ta mayar wa Indiya wani Nataraja da aka sato daga wani wurin bauta a jihar Tamil Nadu.

Mu fa? Dabarar da suke zubin nan, a siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a narkar da kakin a zuba ƙarfe a gurbinsa, ita ce maƙeranmu ke yin Croix d'Agadez da ita. A Bura, cikin jihar Tilaberi, an gano tsoffin siffofin yumɓu a 1975, kuma Boubé Gado ya jagoranci tono wurin a 1983. Da duniya ta gan su, sai ɓarayi suka far wa yankin, har a 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da sata ke barazanar ƙarar da su. Wanda aka koya wa cewa abin nan ƙazanta ne, me zai hana shi sayar da shi a kan kuɗin buhun hatsi?

Za a ce addini ya hana. Bauta wa gunki ya hana, ba ni da ja. Amma Masar, ƙasar Azhar, tana adana siffofin Fir'aunoni. Indonesiya, mai ɗimbin Musulmi, tana kula da Prambanan, wurin bautar Hindu, har ta taɓa buga hoton Ganesha mai kan giwa a jikin takardar kuɗinta a 1998. Mun fi su tauhidi ne?

Saboda haka, ƴan'uwana malamai, ku kai yara gidan tarihi, ku gaya musu wanda ya ƙera kowane abu, da yadda ya ƙera shi, da abin da yake nufi a wurin masu shi. Yaron da ya san kayan Bura na kakanninsa ne, da wuya ya zama mai haƙa su da dare don wani baƙo.