Filin Wasanni: Ɗan Wasan Aro Kamar Ɗan Riƙo Ne

A wannan wata za mu taɓo wata gardama ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun matasanmu, tun daga teburan masu shayi na zangon Parakou, zuwa gidajen kallon ƙwallo na Djougou, har nan Sérou. Gardamar kuwa ita ce ta yaran da kulob-kulob na Turai ke bayarwa aro, da kuma irin rawar da suke takawa idan an kira su wasan ƙasa.

Duk lokacin da mai horar da 'yan wasan ƙasarmu ya fitar da sunaye, sai majalisa ta rabu biyu. Wasu su ce ina dalilin kiran yaron da kulob ɗinsa ma ya gaji da shi har ya miƙa wa maƙwabta? Ai in da yana da amfani da ba a ba da shi ba, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Waɗansu kuwa su ce a'a, gara yaron da ke buga wasa kowane mako a ƙaramin kulob da wanda ke ɗumama benci a babba, domin ba riga ce ke cin ƙwallo ba, ƙafa ce. Daga nan sai murya ta tashi, shayi ya huce, a watse ba wanda ya sallama.

To, kafin mu faɗi namu ra'ayin, bari mu bayyana yadda abin yake. Idan an ce an ba da ɗan wasa aro, yarjejeniyarsa tana nan daram da kulob ɗinsa na asali. Kulob ɗin da ya are shi zai riƙe shi na wata shida ko shekara guda, ya biya albashinsa duka ko wani kashi, gwargwadon yadda suka shirya. Wani lokaci akan sa sharaɗin cewa in ya yi musu, za su saye shi kan farashin da aka yanke tun farko. In wa'adi ya cika ba a saya ba, sai ya tattara ya koma gida.

Mu a ganinmu, wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Riƙo ne. Iyayenmu sukan ɗauki yaro su kai wa baffansa ko wani aminin kasuwa a wani gari, domin ya koyi ciniki da zama da mutane, saboda an san ɗa a gaban uwarsa ba ya saurin girma. Wani yaron yakan dawo da jari da hankali, wani kuwa ya ƙare a ɗiban ruwa da aike, ya dawo ba tsuntsu ba tarko. Bambancin yana ga gidan da aka kai shi, da niyyar wanda ya kai shi, da kuma halin yaron kansa. Haka aron ɗan wasa yake, ba ragi ba ƙari.

Ga misali na kusa da mu. Steve Mounié a Parakou aka haife shi a 1994, tun yana ƙarami kuma aka koma da shi Faransa, ya tashi a makarantar ƙwallo ta Montpellier. Da suka ga bai samu gurbi a cikin manya ba, sai suka ba da shi aro ga Nîmes da ke rukuni na biyu a kakar 2015 zuwa 2016. Nîmes a wannan shekara da bashin maki 8 ta fara gasa, saboda hukuncin da aka yanke mata, watau ba gidan hutu aka kai shi ba. Yaro ya dage ya ci ƙwallo 11, kulob ɗin kuma ya tsira daga faɗawa rukuni na ƙasa. Da ya koma Montpellier sai ya ci 14 a babban rukuni, a 2017 kuma Huddersfield ta Ingila ta saye shi kan kuɗi kusan Yuro miliyan 13, watau sama da sefa biliyan 8. A wasansa na farko a can ya zura wa Crystal Palace ƙwallo biyu. Daga baya shi ne ya ɗaura kyaftin na ƙasarmu. To, wa zai ce aro ya rage shi?

Haka nan ɗan'uwanmu Ahmed Musa na Nijeriya. Aro aka kai shi Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, daga nan ƙofar Turai ta buɗe masa. Bayan shekaru, da zama ya ƙi masa daɗi a Leicester, bai tsaya girman kai ba, a watan Janairu na 2018 ya karɓi aro ya koma tsohon gidansa CSKA ta Mosko. Wata biyar bayan haka, a gasar kofin duniya ta Rasha, shi ne ya jefa wa Iceland ƙwallo biyu. Da ya ci gaba da zaman benci a Ingila, da wuya ƙafarsa ta yi wannan kaifi. Shi ma Victor Osimhen, wanda ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, ko ɗaya bai ci wa Wolfsburg ta Jamus ba. Aron da aka kai shi Charleroi ta Beljiyam a 2018 shi ya farfaɗo da shi, ya ci 20, daga nan sai Lille, sai Napoli, har ya zama gwarzon Afirka na 2023.

Amma fa kada mu ruɗi kanmu da sunayen waɗanda suka dace. Akwai riƙon da ba na alheri ba. Waɗansu manyan kulob-kulob sun mai da yara kamar hajar kanti, su sayi da yawa da araha, su watsa su aro ko'ina, wanda ya yi kasuwa a sayar, wanda bai yi ba a manta da shi. Yaro bana yana wannan ƙasa, baɗi yana waccan, kullum sabon harshe, sabon mai horarwa, sabon salon wasa. Abin ya yi yawa har hukumar FIFA ta sa doka daga watan Yuli na 2022, cewa aro kada ya wuce shekara guda a yarjejeniya ɗaya, wanda ya ari ɗan wasa ba shi da ikon ara wa wani, kuma an ƙayyade yawan 'yan wasan da kulob zai ba da aro zuwa ƙasashen waje, daga 8 aka rage zuwa 7, sa'an nan zuwa 6 daga 2024. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Cikin yaranmu na baya-bayan nan, Andréas Hountondji ya sha wannan hanya. Aron da Caen ta kai shi Rodez shi ya fito da shi, har Burnley ta Ingila ta saye shi a 2024, ita ma kuma ta ba da shi aro ga Standard ta Liège, daga nan sai St. Pauli ta Jamus a 2025. Junior Olaitan kuwa daga Ayema ta nan gida ya tafi Niort a 2022, shi ma ya ɗanɗana aro a Troyes. Masu gardama su lura, abin tambaya game da irin waɗannan yara ba sunan kulob ba ne. A tambaya wasa nawa ya buga, minti nawa aka ba shi, a gurbinsa ake sa shi ko kuwa cike giɓi yake yi. Wannan shi ne ma'aunin da mai horarwa na gari ke dubawa.

Sai batun wasan ƙasa. A nan ma muna ganin ana yi wa yaran nan rashin adalci a majalisa. Yaro ya buga wasa ran Lahadi cikin sanyin Turai, ya kwana a jirgi, ya yi atisaye sau biyu ko uku da mutanen da ya yi wata biyu bai gani ba, a sa shi fili cikin zafi, in ya ɓarar da ƙwallo ɗaya sai a ce ba ya kishin ƙasa, yana tattalin ƙafarsa ne domin Turawa. Alhali shi ɗan aro ya fi kowa shiga tsaka mai wuya. Doka ta tilasta wa kulob ya saki ɗan wasa a ranakun da FIFA ta ware, amma ba ta tilasta a ajiye masa gurbinsa ba. In ya tafi kofin Afirka na wata guda, ko ya dawo da rauni, sai ya tarar wani ya gaje wurin, ga wa'adin aro yana ƙarewa. Duk da haka suna amsa kira. Wannan kaɗai ya isa a sassauta musu harshe.

Kuma mun ga amfanin haƙuri da su. Ƙasarmu ta je kofin Afirka a 2004 da 2008 da 2010 ba ta wuce zagayen farko ba. A 2019 a Masar, ƙarƙashin Michel Dussuyer, muka yi kunnen doki da Gana da Gini Bisau da Kamaru, sa'an nan ran 5 ga Yuli muka fitar da Maroko a bugun fanareti, da mutum goma muka ƙare wasan, kuma Mama Séïbou ɗan Parakou ne ya buga ta ƙarshe. Senegal ce ta tsayar da mu da ci ɗaya a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. A 2022 aka canja sunan ƙungiyar daga Kurege zuwa Guépards, dabbar nan dangin damisa mai tsananin gudu. A watan Disamba na 2025 kuma a Maroko muka ci Botswana ɗaya da nema, nasararmu ta farko ke nan a wannan gasa ba tare da an kai ga fanareti ba.

Akwai wata magana da ba a cika son faɗa ba, amma za mu faɗa. Da yawanmu kakanninmu daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato suka biyo hanyar fataucin goro zuwa Gwanja, suka yada zango a Djougou da Parakou, zama ya yi daɗi. Saboda haka duk ranar da Benin ta haɗu da Nijeriya, sai ka ga gida ɗaya ya rabu. Mun gani ran 10 ga Yuni na 2024 a Abijan, inda Jodel Dossou da Mounié suka ci muka doke su biyu da ɗaya, ƙarƙashin Gernot Rohr tsohon mai horar da su. Mun kuma gani ran 14 ga Oktoba na 2025 a Uyo, inda suka rama da huɗu ba ko ɗaya, Osimhen shi kaɗai ya ci uku, burinmu na zuwa kofin duniya ya tashi. Son dangi ba laifi ba ne, ba mu hana kowa ba. Amma a nan aka binne cibiyarmu, nan muke biyan haraji, nan 'ya'yanmu ke karatu. Maƙwabtanmu Dandawa da Bargawa da sauransu suna lura da inda muke tafi in an ci ƙwallo. Wanda yake son a ɗauke shi ɗan ƙasa a ofis da kasuwa, kyautuwa ya yi a gan shi ɗan ƙasa a gidan kallo.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, yaushe za mu ga yaran zangonmu da yawa cikin rigar ƙasa? Masu ƙafa ba su ƙare ba, kowa ya leƙa filayen unguwa bayan la'asar zai gani. Abin da ke kayar da mu takarda ce da gaggawa. Saboda haka muna kira ga iyaye da shugabannin zango da abu uku.

Na farko, a yi wa yaro takardar haihuwa da wuri, da shekarunsa na gaskiya. Rage shekaru ramin ƙarya ne, ƙurarre ne kuwa, ranar da asiri ya tonu yaron ne zai kwana ciki.

Na biyu, a sa shi kulob mai rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Ga Buffles ta Borgou a Parakou, ga Panthères a Djougou, ga ƙananan makarantun ƙwallo masu lasisi. Dokar FIFA ta ce idan an sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na waɗanda suka rene shi ne daga shekara 12 zuwa 23. A ce an sayar da yaro Yuro miliyan 1, kulob ɗin da ya riƙe shi daga shekara 12 zuwa 15 yana da Yuro dubu 10, watau sefa miliyan 6 da rabi da 'yan kai. In ba rajista, ko dala ba mai gani.

Na uku, a yi hattara da dillalan ƙarya masu zuwa da hotuna a waya, su ce a kawo kuɗin biza da na jirgi za su kai yaro gwaji Turai. Doka ta hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba kulob na wata ƙasa, sai bisa 'yan dalilai ƙalilan. Ahmed Musa kansa, da VVV-Venlo ta Holan ta saye shi a 2010, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba kafin ya buga mata. Kulob na gaskiya shi ke biyan kuɗin tafiya, kuma dillalin gaskiya yana da lasisin FIFA, a nemi gani. Kada a sayar da gona ko babur saboda daɗin baki, kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Ga matasan majalisa kuwa, a ci gaba da gardama, ita ce gishirin kallo, amma a riƙa yin ta da hujja, a kuma bar zagin iyayen 'yan wasa. Wanda ke da ra'ayi saɓanin namu ya rubuto, fili a buɗe yake. Allah ya yi wa yaranmu jagora a duk gidan riƙon da suka samu kansu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.