Raddi Ga Masu Cewa Fim Ɗin Yaƙin Sin Namu Ne

Tun da sojoji suka hamɓarar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum a Yulin 2023, aka garƙame iyakar Jibiya har zuwa Maris 2024, wata magana ta samu gindin zama a Magama tsakanin direbobi, 'yan kamasho da samarin da ke wuni a rumfunan masu turi. Cewa suke fim ɗin yaƙi na Amurka ƙarya ce da raini, na ƙasar Sin kuwa yana tare da mu. Rabin farko ba ni da ja a kansa. Na biyun ne ban yarda da shi ba.

Hujjarsu ta farko ita ce Sin na mutunta baƙar fata, suna nuni da Wolf Warrior 2 na Wu Jing, wanda ya fito a 2017. To mu ajiye shi kusa da Tears of the Sun na 2003. A wannan, Bruce Willis ne ya jagoranci sojojin Amurka zuwa Najeriya don ceto wata likita, aka nuna Fulani Musulmi a matsayin mahauta masu yanka mata da yara, alhali a Hawaii aka ɗauki fim ɗin. Duk ɗan Arewa da ya kalla ya ji ɗacin abin. Na Wu Jing fa? Ƙasa ce ta Afirka da ko suna ba a ba ta ba: yaƙin basasa, annobar da aka ƙirƙiro, talakawa na rububin abincin da baƙo ya miƙo. Akta Basine ne, bos sojan haya ne Bature. Baƙar fata kuwa ko yana cikin 'yan tawaye, ko yana gudu yana jiran a cece shi. An canza wa tuwo suna ne kawai.

Sai su ce ai da shugaban masana'anta ya ware Sinawa gefe guda don a kwashe su su kaɗai, aktan ya ƙi, ya ce har da ma'aikata 'yan Afirka. Haka ne, kuma na yaba wurin. Amma a bi fim ɗin zuwa ƙarshe. Aktan ya zura tutar Sin a hannunsa ya ɗaga, masu faɗa suka dakatar da wuta ayari ya wuce. Daga nan sai hoton fasfo na ƙasar Sin ya cika allo, da alkawarin cewa duk inda mai shi ya shiga haɗari, ƙasarsa na bayansa. Fasfon wa? Mutumin Jibiya da ya ga tirela ta yi makonni a layi, albasa na ruɓewa, ɗan'uwansa na Ɗan Isa a Nijar kuma ba halin zuwa, ya fi kowa sanin cewa takarda mai ita take yi wa aiki. Da 'yan ƙasarsu fim ɗin ke magana, su ne kuma suka saye tikitin sama da dala miliyan 800.

Hujja ta uku: akwai hannun gwamnati a finafinan Amurka. Tabbas. Da jiragen sojin ruwa aka yi Top Gun a 1986, Black Hawk Down na 2001 ma ya samu tallafin ma'aikatar tsaro, ya mai da Somaliyawa taron da ake harbewa ba suna. Sai dai The Battle at Lake Changjin na 2021 sashen yaɗa manufa na Jam'iyyar Kwaminis ta Sin ne ya sa a yi shi, a shekarar da jam'iyyar ta cika 100. Ga kuma bambancin da masu wannan magana ke tsallakewa. A shekarar da Top Gun ya fito aka saki Platoon, wanda ya tona asirin ta'asar sojojin Amurka a Biyetnam, har ya ci Oscar. A Sin kuwa, ɗan jarida Luo Changping ya sha ɗaurin wata bakwai saboda ya yi ba'a ga sojojin da fim ɗin Changjin ke yabo.

Ta ƙarshe, wai Sin ba ta taɓa yi mana mulkin mallaka ba. Gaskiya ce, amma ba ta hana ta neman riba. Matatar SORAZ ta Damagaram da bututun man Agadem zuwa Benin kasuwanci ne, kuma a Maris 2025 gwamnatin Nijar da kanta ta kori manyan jami'an kamfanonin mai uku 'yan Sin kan bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa.

Ban ce a daina kallo ba, faɗan ya tsaru. Kirana ga 'yan Kannywood ne: dubban mutanen Jibiya da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu, wasu har jihar Maraɗi, suna da labari, kuma akwai jarumai a cikinsu. Ku zo ku ɗauke shi da Hausa.